Neman kalma: me za mu kira salansar da ke tsaye a bayan kan mota?

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masu harshe da masu ƙarfe a kan kalma guda, domin akwai takardar aiki a gabana da nake son rubutawa kafin Asabar.

Yayana yana da gareji a nan Zariya, ta wajen Kwangila, manyan motoci yake gyarawa. Ni nake riƙe masa littafi, ni nake rubuta wa masu mota abin da za a yi da abin da zai ci, kuma da Hausa nake rubutawa, don mafi yawansu ita suke karantawa. Makon jiya wani Alhaji mai fataucin hatsi ya kawo Mercedes 1017, irin wadda sojojin Jamus suka yi aiki da ita, suka gama suka yi gwanjonta. Silinda shida, gas take sha, tana da turbo, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa ta cusa wa inji ƙarin iska, ƙafafunta na gaba da na baya duk suna ja. An riga an sake mata fenti, tunda doka ba ta yarda farar hula ya hau titi da launin soja ba, balle a garin da ke da barikin Basawa da wurin horar da kurata. Masara da dawa zai riƙa kwasowa da ita daga ƙauyukan Giwa da Soba.

Damuwarsa ita ce salansar tana ƙasa, tana hura hayaƙi dab da ƙasa. Da kaka motar tana shiga har cikin gona, ta tsaya a kan busasshen kara, ga ƙarfe ya yi zafi. Masu loda buhuna suna tsaye a gefenta suna shaƙar hayaƙi da ƙura. Da damina kuma akwai rafukan da sai an ratsa. Shi ya sa yake so a ɗauke bututun daga ƙasa, a miƙar da shi sama a bayan kan motar, wato ɗakin direba, hayaƙi ya fita ta saman kawunan mutane. Ba sabon abu ba ne. Akwai samfurin M35 ta sojojin Amurka da ya fito tun daga masana'anta da bututunsa a tsaye a gefen dama. Da Turanci suna ce wa wannan abu "exhaust stack". Mu kuma fa?

Ga abin da ya sa na damu. Alhaji ya kira Yaya a waya ya ce, "Malam, a cire mini wannan salansa ta ƙasa, a yi mini ta sama." Yaya yana hanyar Kano sayen kayan gyara, sai ya isar da saƙon ga mai walda kamar yadda ya ji shi. Mai walda ya yanke komai, har da tukunyar da ke rage ƙara, ya kafa zallar bututu. Da aka tayar da inji, kwanukan rumfar gareji sai da suka amsa. Matar da ke sayar mana da abinci ta sa hannu biyu ta toshe kunnuwan yaron da ke cinyarta. Da Alhaji ya zo ya ce, "Ni ba haka na ce ba." Mai walda ya ce, "Ranka ya daɗe, cewa aka yi a cire salansa, na kuwa cire ta." Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. A bakin Alhaji salansa ita ce bututun baki ɗaya, a bakin mai walda kuma tukunyar ce.

Asalin kalmar daga "silencer" ne, wato mai sa shiru, kuma a Turancin Ingila tukunyar kaɗai ake nufi. Da ta shigo Hausa sai ta yi faɗi, ta haɗiye duk hanyar hayaƙi daga inji har bakin fita. In mutum ya ce salansar babur ta ƙona masa ƙafa, ba ya tambayar ko wace gaɓa ce. Ni ba na neman a kori salansa. Ta zauna daram kamar birki da sitiyari da lagireto, duk wanda ya ce zai tumɓuke ta wahala kawai zai sha. Abin da nake so shi ne mu bar mata faɗinta, mu raɗa wa gaɓoɓinta suna. Tukunyar salansa dai an gama da ita, kanikawa suna faɗa tuntuni, Faransawa ma tukunya suke ce mata da harshensu. Saura wadda ke tsaye. Bismillah, ku kawo.

*

Na dawo bayan la'asar, na tarar da amsoshi fiye da yadda na zata. Allah ya saka da alheri. Bari in bi waɗanda suka fi tsaya mini a rai.

Mutane da yawa sun ce bututun hayaƙi. Hausa ce tsantsa, kowa zai gane, amma ta yi yawa. Na masana'anta bututun hayaƙi ne, na gidan burodi shi ne, wanda ke kwance a ƙarƙashin mota ma shi ne. In na rubuta wa Alhaji "a yi bututun hayaƙi", mun koma gidan jiya.

Wani dattijo daga cikin birni ya kawo lofe, wato abin nan da ake zuba taba a ciki a sha. Baba, na gode, kalmar ta yi mini daɗi, kuma siffar ta yi kama: gwiwa a ƙasa, baki a sama, hayaƙi na tashi. Sai dai na gwada ta a kan yara biyar da ke koyon aiki a garejin, ɗaya ne kawai ya taɓa jin ta. Hasumiya kuma, wadda wata 'yar'uwa ta kawo, ta fi ƙarfin bututun mota, a bar wa masallaci abinsa.

Ƙaho ya samu magoya baya, musamman saboda motocin da ake sa wa guda biyu, dama da hagu, kamar bijimi. Matsalarsa ita ce yaran gareji rabin kansu Turanci ne. Ka ce ƙaho, su fassara a zuci, su nufi abin da direba ke dannawa a ba shi hanya.

Dogon wuya ita ce ta fi ba ni tsoro, kuma a nan nake so masu harshe su saurari masu ƙarfe. Motocin da aka shirya don ratsa ruwa sukan zo da wani bututun daban a tsaye, wanda inji ke zuƙar iska ta cikinsa. Shi ma dogon wuya ne. Ɗaya na shigar da iska mai tsabta, ɗaya na fitar da hayaƙin da zafinsa kan haura digiri 500 in mota ta ɗauki kaya tana hawan tudu. Kada a ba su suna ɗaya. Yaya ma kullum yana jan kunnen mai walda kada bakin na hayaƙi ya kusanci bakin na iska, don kada inji ya riƙa shaƙar abin da ya amayar. Saboda haka duk sunan da za mu zaɓa, ina ganin dole kalmar salansa ta fito a cikinsa.

*

Sai kakaki. Wani malami daga Samaru ne ya kawo ta, kuma tun da na karanta nake juya ta. Malam, wallahi ka iya zaɓe. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau ranar hawan sallah ya ga dogon ƙarfen nan an ɗaga shi sama, ya ji amonsa a ƙirji, zai gane dalilinka. Amma kakaki don a ji shi aka ƙera shi. In muka kira abin da Alhaji ke so kakaki, mun gaya wa kowane yaro cewa ƙara ita ce adon aikin, kuma da ma akwai direbobin da ke son a cire tukunya wai don mota ta ƙara ƙarfi. Gaskiya ne tukunyar da ta toshe da kunkunniya tana shaƙe inji, ya yi zafi, ya rage ja. Maganinta a wanke ta ko a sa wadda ta dace da girman injin. Turbo yana ɗan rage ƙara, amma zallar bututu da bakinsa ke kusa da tagar direba, daga safe har dare a hanya, kunne ne ke biya a hankali.

Don haka ga shawarata: mu riƙe kakaki, amma mu ba ta wadda aka cire wa tukunya. Abin da mai walda ya yi mana makon jiya, kakaki ne. Da muna da wannan kalma, da ya tambaya, "Kakaki ake so ko mai tukunya?" da ba a yi asarar yini biyu da sandunan walda ba.

Wadda ake yi bisa ƙa'ida kuma, na tsaya a kan abin da wani direban tirela ya rubuto cikin kalma biyu ba tare da dogon bayani ba: salansar tsaye. Wani ya ce tsayayyiyar salansa ta fi bin nahawu. Ban yarda ba. Tsayayye a Hausa ya fi karkata ga mai ƙarfin hali ko abin dogaro, ka ce tsayayyen mutum, tsayayyiyar magana. Ginin salansar tsaye kuwa irin na kwanan zaune da mutuwar tsaye ne, kunnen Bahaushe ya saba da shi. Kuma tana zuwa da abokiyarta a kyauta: ta ƙasa ta zama salansar kwance. Na faɗa wa Yaya yana ƙarƙashin mota, bai ko fito da kai ba ya ce, "To da me za a ce mata?" Na faɗa wa mai abinci, ta nuna bayan kan motar da ludayi.

*

Wasu sun tambayi yadda aikin zai kasance, to ga shi kamar yadda Yaya ya tsara, don ku ga kalmomin a bakin aiki.

Tukunyar salansa za ta koma wurinta. Daga bayanta za a yi gwiwa mai faɗin lanƙwasa a hau sama, kuma faɗin bututun ba zai gaza na asali ba, don duk matsi da duk kwana mai kaifi shaƙe inji suke yi. Ba za a yi amfani da bututun ruwan famfo mai rufin tutiya ba, hayaƙin waldarsa yana sa mai walda zazzaɓi. Za a sa guntun nan mai tattara da kanikawa ke kira fileksibul, saboda inji yana rawa a kan kujerunsa, ƙarfen gindin mota kuma yana murɗawa a hanyar ƙauye, in babu inda zai ba da kai walda ce za ta tsage. Abin da ya fi muhimmanci a wannan motar: kanta kifawa yake yi gaba in za a duba inji, don haka ƙarfen da zai riƙe salansar tsaye a gindin mota za a ɗaure shi, kada a kuskura a manna shi a jikin kai. Birkin inji, wato ɗan murfin da ke toshe hanyar hayaƙi in ana gangara, ba za a taɓa shi ba.

Za a nisanta ta da tamfol da robobin iskar birki, a naɗe ta da faifan ƙarfe mai huji-huji daidai inda hannun yaron mota ke kaiwa in zai hau bodi. Tsayinta ya ɗan wuce rufin kai kawai, saboda wayoyin lantarki da ke ratsa lungunan Tudun Wada da Sabon Gari. Bakinta ya kalli waje, kada kunkunniya ta riƙa sauka a kan buhunan mutane. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, tun 2012 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙin injin gas cikin abubuwan da ke haddasa sankara.

Sai ruwan sama. Salansar tsaye buɗaɗɗen baki take yi wa sama, in mota ta kwana a waje cikin Agusta ruwa zai taru a gwiwa. Na taɓa ganin wata da aka tayar da asuba ta feso baƙin ruwa, ya sauka ɗigo-ɗigo a kan farar rigar direban da gilashin motar da ke kusa. In ruwan ya yi yawa yana iya gangarawa wajen turbo. Don haka za a huda ɗan rami a ƙasan gwiwa, a kuma sa mata murfin nan mai maƙalli da hayaƙi ke ɗagawa, in an kashe inji ya faɗo ya rufe. Yaran gareji hula suke ce masa, na kuwa rubuta shi haka.

Ga yadda layin ya fito a takardar Alhaji: "Mayar da salansar kwance zuwa salansar tsaye, da tukunyarta, da hula, da rigar kariya daga zafi. Ba kakaki ba." Na karanta masa a waya bayan magariba, ya ce in sake karanta ƙarshen, na sake. Ya ce, "Haka nake nufi tun farko. A fara gobe."