Kira ya zo mini a lokacin da ƙarfina ya ƙare

Mai Neman Shawara:
Salama a gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu. Wata 8 ke nan maigidana yana kwance da ciwon shanyewar ɓarin jiki, ni ce mai juya shi da dare, ni ce kuma mai ɗawainiyar gida. A cikin wannan hali faston ikkilisiyarmu ya nemi in riƙe ajin yara na makarantar Lahadi, hidimar da na daɗe ina roƙon Ubangiji ya ba ni. Zuciyata tana so, amma gajiya ta kai ni ga yin gyangyaɗi a tsakiyar addu'a. Idan na ce a dakata mini, na ƙi kiran Allah ke nan?

Dattijon Ikkilisiya:
Ɗiyata, Allah ya ba maigidanki lafiya. Da wuya ki sami wanda aka kira a Littafi Mai Tsarki yana zaune cikin kwanciyar hankali. Gidiyon yana sussukar alkama a ɓoye a wurin matse inabi, don tsoron Madayanawa, mala'ika ya same shi. Wanda ya fi tsaya mini a rai kuwa shi ne Irmiya a sura ta 32, lokacin da rundunar Babila ta kewaye Urushalima, shi kuma Sarki Zadakiya ya tsare shi, sai Ubangiji ya sa ya sayi gonar ɗan baffansa a Anatot. Ya auna azurfa shekel 17, ya sa hannu a gaban shaidu, ya ce a ajiye takardun cikin tukunyar ƙasa don su daɗe, alhali ba a jima ba birnin ya faɗi. Duk mai lissafi zai ce ya yi asara, amma biyayya ya yi. Shawarata ita ce ki karɓa.

Tsohuwar Malamar Lahadi:
Baba, a gafarce ni, ina da ɗan ja. Ni ma na karɓi irin wannan aiki ina jinyar mahaifiyata, saboda kunyar cewa a'a ga fasto, kuma cikin wata 3 na fara shiga aji ban duba darasi ba, ina yi wa yara tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Da annabi Iliya ya gudu daga sarauniya Yezebel ya kwanta ƙarƙashin itace yana neman mutuwa, mala'ika ya tashe shi har sau 2 ya ci ya sha, kuma sai a Dutsen Horeb aka ba shi sabon aike, aka haɗa masa da Elisha wanda zai riƙa taimakonsa. 'Yar'uwa, juya maigidanki da tsakar dare ma hidima ce, ko da ba a sanar da ita a majami'a. Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake da shi ne.

Mai Neman Shawara:
Na gode, Baba, na gode, Mama. Maganar Elisha ta shige ni, domin ban taɓa gaya wa fasto ainihin halin da nake ciki ba, kullum cewa nake yi jiki da sauƙi. Zan same shi in nemi a haɗa ni da wata 'yar'uwa, in riƙa ɗaukar Lahadi 2 a wata, muddin an sami mai zama da maigidana har in dawo.