Yaya zan haɗa ƙaramin injin tururi a gida?

Mai Koyon Ƙira: Assalamu alaikum. Ina son haɗa ƙaramin injin tururi da kayan da ake samu a kasuwa. Shin gwangwanin madara zai iya zama tukunyar ruwansa?

Tsohon Maƙeri: Wa alaikumus salam. Ka fara da injin da silindarsa (bututun da tururi ke shiga ya tura fistan) ke lilo, irin wanda injiniya ɗan Scotland William Murdoch ya ƙera a 1785, domin silindar da kanta take buɗe ƙofar tururi ta rufe yayin kaiwa da komowa, ba sai an yi mata bawul na daban ba. Bututun jan ƙarfe na masu gyaran firji zai yi silinda.

Malamin Kimiyya: Gwangwanin ne ya dame ni, ƙanena, don Allah ka bar shi. Idan ruwa ya zama tururi yana kumbura kusan sau 1,700, kuma dalmar liƙi tana narkewa ƙasa da digiri 200 na ma'aunin Celsius, saboda haka tukunyar da ruwanta ya ƙone tana iya ɓallewa. Ka yi ta da jan ƙarfe mai kauri, ka liƙe da liƙi na azurfa, ka sa bawul mai sakin tururi, sannan ka gwada ƙarfinta ta hanyar matsa ruwan sanyi da ƙarfi a cikinta kafin ka kunna wuta.