Muhawara: Gasar Bournemouth ce ta buɗe wa tanis ƙofa, ko sa'a ce kawai ta faɗo mata?

Malam Habibu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. A cikin gasannin tanis da aka daina yi, babu wadda ta kai British Hard Court Championships muhimmanci, wato gasar da ake bugawa a kan jar ƙasa a kulob ɗin West Hants da ke Bournemouth, kudancin Ingila. An fara ta a Torquay a 1924, ta koma Bournemouth a 1927. A filinta ne, ranar 22 ga Afrilun 1968, aka fara barin masu wasa don kuɗi su kara da masu wasan sha'awa a gasa ɗaya. Duk dukiyar da kuke ji ana ba taurarin tanis irin su Alcaraz da Sinner yau, daga nan ta samo tushe. Ba a yi wa gasar nan adalci ba da aka bari ta mutu.

Nasiru: Wa alaikumus salam Malam. Kafin mu yi nisa, jar ƙasa ce kuwa? Sunan "Hard Court", wato fili mai tauri, ya yi kama da na filin siminti.

Malam Habibu: Jar ƙasa ce. Turawan Ingila na wancan lokacin haka suke kiran duk filin da ba ciyawa ba.

Nasiru: To madalla. Amma Malam, Allah ya gafarta maka, ban yarda da kai ba. Bournemouth ba ta buɗe ƙofar komai ba, a buɗe ta tarar da ita. A watan Agustan 1967 Wimbledon, babbar gasar Ingila ta kan ciyawa, ta gayyato masu wasan kuɗi su takwas suka yi gasa a babban filinta, Rod Laver ya ci, jama'a suka cika wurin. A Disamba hukumar tanis ta Birtaniya ta ce ita dai ta daina raba 'yan wasa gida biyu, ko duniya ta bi ta ko kada ta bi. Ranar 30 ga Maris 1968 hukumar duniya ta zauna a Paris ta amince da gasanni 12 da kowa zai iya shiga. Aikin ke nan, an gama shi a kan tebur. Bournemouth ta zo farko ne don a watan Afrilu take a jadawali. Sa'a ce, wadda ta fi manyan kaya.

Malam Habibu: Yarjejeniya a takarda daban, ganin abu da ido daban. Shekara da shekaru ana musu: idan aka haɗa su, masu wasan kuɗi za su murƙushe kowa ne, ko kuwa suna ne kawai? Babu wanda ya sani sai da Mark Cox ya shiga fili.

Yaya Ladidi: Wannan kam gaskiya ne, kuma shi ne abin da ya fi burge ni a tarihin gasar. Cox ɗan Ingila ne, bahago, shekararsa 24, ba ya cikin waɗanda ake tsoro. Ya haɗu da Pancho Gonzales, mutumin da ya shafe shekaru yana sarautar masu wasan kuɗi, ya doke shi a turmi biyar. Shi ne ɗan wasan sha'awa na farko da ya kayar da mai wasan kuɗi a gasa irin wannan. Aka ce ai Gonzales ya tsufa, yana dab da cika 40. Sai Cox ya sake kayar da Roy Emerson, mai kofuna 12 a hannu na manyan gasanni huɗu, wato na Ostireliya da Faransa da Wimbledon da Amurka.

Nasiru: Sannan me ya faru, Yaya? Ya haɗu da Laver a wasan kusa da na ƙarshe, Laver ya sallame shi. Ɗaya ɓangaren kuma Ken Rosewall da Andrés Gimeno ne, dukansu masu wasan kuɗi. Wasan ƙarshe Rosewall da Laver, Rosewall ya ci 3-6, 6-2, 6-0, 6-3. Bayan 'yan makonni mutanen nan biyu suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe na Roland Garros, babbar gasar Faransa, ana tsakiyar yajin aikin da ya tsayar da Faransa cak, Rosewall ya sake ci. Wannan ne duniya ta kalla. Kuma kada mu manta, masu wasan kuɗi da ke ƙarƙashin kamfanin attajirin Amurka Lamar Hunt irin su John Newcombe da Tony Roche ba su je Bournemouth ba a shekarar. Rabin ƙwararrun ne kawai suka halarta.

Malam Habibu: Roland Garros ɗin ma ba su je ba, ka ce ita ma ba ta da daraja?

Nasiru: Ita tana da tarihin da za ta jingina da shi. Bournemouth fa, in ka cire mako ɗaya na 1968, me ya rage?

Alhaji Ɗanlami: Yaro, a nan ka yi kuskure babba. Na bar ku kuna ta magana ne don in ji inda za ku tsaya. Fred Perry ya ci gasar nan sau biyar a jere, daga 1932 zuwa 1936. A tsakiyar wannan lokacin, a 1935, ya je Paris ya doke Gottfried von Cramm ya ɗauki kofin Faransa, ya zama namiji na farko da ya taɓa cin manyan gasanni huɗun duka. Ɗan Ingila da ya tashi a ƙasar ciyawa, ina kake jin yake gwada ƙafarsa a jar ƙasa kowace bazara? Bayansa Kho Sin-Kie, haifaffen tsibirin Java mai wakiltar Sin, ya ci a 1938 da 1939, a zamanin da ba a saba ganin ɗan Asiya yana ɗaga kofi a Turai ba. Kuma ku lura da abin da ya sami Perry. A ƙarshen 1936 ya koma wasan kuɗi, nan take aka rufe masa ƙofar Wimbledon da ya ci sau uku a jere, aka rufe masa ta Bournemouth da ya ci sau biyar. Dokar da ta kori gwarzon gasar, a filin gasar aka binne ta bayan shekara 32. Ni wannan ya ishe ni in girmama wurin.

Nasiru: Na ji, Alhaji, kuma ba na musun Perry. Sai dai yawancin waɗanda yake dokewa a can 'yan gida ne.

Alhaji Ɗanlami: To duba bayan 1968. Newcombe da ka ce bai zo ba, ya zo a 1969 ya ci. Adriano Panatta ya ci a 1973, shekara uku kafin ya ɗauki Roland Garros. Ilie Năstase a 1974. Manuel Orantes a 1975, shekarar da ya doke Jimmy Connors a wasan ƙarshe na gasar Amurka, ita ma a lokacin a kan ƙasa ake yin ta. Waɗannan 'yan gida ne?

Yaya Ladidi: Ni akwai inda nake jayayya da ku duka. Kuna ta cewa an buɗe ƙofa, wa aka buɗe wa? Rosewall ya karɓi fam 1,000. Kyautar mata fam 300 ce, ba ta kai kashi ɗaya cikin uku ba. Virginia Wade ta doke Winnie Shaw ta ci kofin, kuma ko wannan ɗan kuɗin ba ta karɓa ba, domin lamarin bai fito fili ba tukuna, tana tsoron kada karɓar kuɗi ta jawo a hana ta wasa a wasu gasannin. A Wimbledon ta shekarar Laver ya samu fam 2,000, Billie Jean King ta samu 750. Saboda haka idan Malam Habibu yana so a yaba wa Bournemouth da kafa sabon zamani, sai ya yarda cewa a can aka aza harsashin wannan bambancin, wanda Wimbledon ba ta goge shi ba sai 2007.

Malam Habibu: Na karɓi wannan, Hajiya, ba abin alfahari ba ne. Amma ruɗanin bai tsaya kan mata ba. Arthur Ashe ya ci gasar Amurka a 1968 yana ɗan wasan sha'awa, kyautar dala 14,000 ta tafi hannun Tom Okker da ya kayar. Shekarar gwaji ce, kuma wani ne zai fara sa ƙafa a ruwan. Kulob ɗin West Hants ne ya fara.

Nasiru: To in tana da wannan girman, me ya kashe ta?

Malam Habibu: Abin da ta haifa ne ya cinye ta. Da kuɗi ya shigo, 'yan wasa suka bi inda ya fi yawa. Monte Carlo da Rum da Hamburg suka kwashe manyan a lokacin bazara, ga rana, ga masu ɗaukar nauyi. Ingila kuwa hankalinta yana kan ciyawa. José Higueras ne ya ci ta maza a 1983, daga nan aka yi shiru.

Alhaji Ɗanlami: An sake gwadawa a filin daga 1996 zuwa 1999, a watan Satumba. Albert Costa ya ci ta farko, Félix Mantilla ya ci biyu a jere, dukansu 'yan Sifaniya. Costa ma ya zo ya ɗauki Roland Garros a 2002.

Nasiru: Sannan a 2000 aka kwashe ta zuwa Brighton, aka sa ta cikin zaure a kan fili mai tauri, ɗan Ingila Tim Henman ya ci.  Malam, ka ce ba a yi wa gasar adalci ba. Na yarda, amma masu ita ne suka yi mata haka, kuma har yau Birtaniya ba ta da babbar gasar maza ko ɗaya a kan jar ƙasa.