Na haddace kod ukun buluz amma ina ɓacewa a cikin gaɓa goma sha biyu: ku yaya kuka yi?

Mai Fiyano, Kaduna

Assalamu alaikum 'yan'uwa makaɗa. Shekara bakwai ke nan ina buga fiyano a situdiyo da wuraren biki. Wata huɗu da suka wuce na shiga koyon jaz, aka ce mini ƙofar shiga ita ce buluz, kiɗan baƙaƙen Amurka da ke zagayawa a gaɓa goma sha biyu. Na haddace tsarin kod ɗin, wato sautukan da ake bugawa a haɗe, a gidan F: gaɓa huɗu a kan F7, biyu a kan Bb7, biyu a koma F7, sai C7 ɗaya, Bb7 ɗaya, biyun ƙarshe kuma F7. Goma sha biyu ke nan, kowace gaɓa bugu huɗu. In hannun hagu ne shi kaɗai, ba na kuskure. Amma da zarar hannun dama ya fara ƙirƙirar nasa, sai in nemi inda nake in rasa. Makon jiya a wurin gwaji mai ganga ya rufe zagaye ya daki farantin ƙarfe na gangarsa, ni kuwa ina gaɓa ta goma. Abin ya tsaya mini a rai har na kasa barci.

Damuwa ta biyu: ina amfani da tsanin buluz, wato jerin sautukan F, Ab, Bb, B, C, Eb, in hau in sauka. Babu sautin da ke yi wa kunne ciwo, amma kowane zagaye kamar na baya yake fita. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga wannan hali ya faɗi abin da ya same shi da yadda ya fita.

Ɗan Damagaram

Wa alaikumus salam, abokina. Ciwonka shi ne nawa, sai dai nawa ya fi zurfi. Ni a kan jita irin ta Agadas na tashi, wadda za ka kama gida ɗaya ka zauna a cikinsa minti goma, daɗin yana cikin kaɗawa da amshi. Turawa suna kiran kiɗanmu da na marigayi Ali Farka Touré buluz ɗin hamada, shi ya sa na ɗauka na riga na iya. Kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki, don mawaƙin buluz na Amurka John Lee Hooker ma a kan kod ɗaya ya zauna a "Boogie Chillen" ta 1948. Amma da na je Yamai na zauna da wasu masu jaz, sai na gane kunnena ba ya jin lokacin da gida ya canza. Su sun koma Si bemol a gaɓa ta biyar, ni ina nan a Fa ina ta kaɗa abina. Mu nan Fa, Si bemol da Do muke cewa, su ne F, Bb da C ɗinku.

Wani dattijo mai jita a cikinsu ya riƙe mini hannu, ya ce in bar tsirkiya huɗu su huta, in yi aiki da biyu. Ya ɗora mini yatsa a tsirkiya ta huɗu ƙarfe na bakwai na wuyan jita, wato A, ɗaya kuma a tsirkiya ta uku ƙarfe na takwas, wato Eb. Ya ce wannan shi ne F7 gaba ɗayansa, sautinsa na uku da na bakwai. Ya ce in ja yatsun biyu baya ƙarfe ɗaya. Sai ga Ab da D, Bb7 ke nan. Ya ce in koma inda na fara in tura su gaba ƙarfe ɗaya. Sai ga Bb da E, C7 ke nan. Wallahi na daɗe ina kallon hannuna. Buluz ɗin duka, kowane yatsa a cikin ƙarfe uku maƙwabtan juna!

Sati uku ban buga komai ba sai waɗannan sautuka biyu, da safe da bayan isha'i. Daga nan kunnena ya buɗe. Ko a rediyo aka sa buluz, ina jin lokacin da A ta sunkuya ta zama Ab. A nan ne kuma amsar damuwarka ta biyu take: tsanin da kake hawa ba shi da A, ba shi da D, ba shi da E. Sautukan da ke shaida wa mai sauraro wane kod ake kai, duka uku babu su a ciki. To yaya zagaye zai bambanta da na baya?

Baba Mai Busa

Yarana, sannunku. Na yi shekara ashirin da shida ina busa turumfet a ƙungiyar badujala kafin in yi ritaya. Abin da ɗana na Damagaram ya faɗa gaskiya ne, amma ina ganin Mai Fiyano yana ɓacewa ne saboda ba ya yin shiru. Mu masu busa dole ce take sa mu tsaya, don numfashi yana ƙarewa. Ku masu fiyano yatsa ba ya neman iska, sai ku yi ta zuba har ku manta inda kuka baro.

Wanda ya koya mini ya ba ni "C Jam Blues" ta Duke Ellington, wadda aka ɗauka a 1942. Karin nata sauti biyu ne rak, G da C. Ya ce wata guda in yi solo, wato ƙirƙirar nawa kiɗan, da su kaɗai. Na ji haushi a lokacin, don ina ganin na wuce nan. Amma da babu sautin da zan ɓuya a bayansa, sai hankalina ya koma kan inda zan ajiye kowane ɗaya da inda zan bar fili. A cikin filin nan nake jin bes, wato kayan kiɗa mai kaurin murya, in ji ganga, in san gaɓar da muke.

Ga gargaɗi ga masu busa: in mai fiyano ya ce F, kai mai turumfet ko saksofon tenor G ce taka, mai saksofon alto kuma D. Na ga yaro ya hau dandali da alto ya kama F ɗinsa, sautin ya fito Ab, ya sauko yana hawaye alhali ba laifin kunnensa ba ne, ba a taɓa gaya masa ba ne.

'Yar Jos

Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ni mawaƙiya ce, a ƙungiyar mawaƙan coci na fara, inda muke kiran waɗannan kod do, fa da so, ko ɗaya, huɗu, biyar. Yaya Mai Fiyano, ni ban taɓa iya ƙirga goma sha biyu ina waƙa ba, kuma har yau ba na ƙirgawa. Abin da ya cece ni shi ne da na gane buluz baiti ne mai layi uku, kowane layi gaɓa huɗu. Ka faɗi magana, ka maimaita ta, sannan ka kawo abin da ya warware ta. Kuma a kowane layi mawaƙi yana cin kusan gaɓa biyu ne, sauran biyun na mai amsawa ne.

Ranar da na ji Bessie Smith tana rera "St. Louis Blues" a ɗaukar 1925, Louis Armstrong yana amsa mata da ƙahonsa bayan kowane layi, sai da tsigar jikina ta tashi. Na ce ai wannan jagora ne da ɗan amshi, abin da muka tashi muna ji a dandali. Sai na zauna na yi nawa baitin da Hausa:

Na tashi da asuba, randa babu ruwa,
Na tashi da asuba, randa babu ruwa,
Mai ɗebo mini ya tafi, har yau bai waiwayo ba.

Ka rera shi a kan F ɗinka ka gani. Layi na biyu kalmominsa ba su canza ba, amma da yake ƙasan ya koma Bb7, sai maganar ta ƙara nauyi, kamar mutum ya sake faɗa don ba a ji shi da farko ba. Layi na uku yana faɗowa daidai kan C7. In ka riƙe baitin a zuci kana bugawa, hannunka ya yi magana gaɓa biyu ya amsa wa kansa gaɓa biyu, babu inda za ka ɓace.

Mai Bes, Kumasi

Gaisuwa daga zango. Zan kawo ɓangaren jaz ɗin, don tsarin da Malam Mai Fiyano ya rubuta shi ne tushe, amma in ka hau dandali da masu bibop, wato salon jaz mai yawan canjin kod, ba shi za ka ji ba. Karon farko da aka kira "Billie's Bounce" ina kan bes, na yi murna don na san buluz ce a F, Charlie Parker ya ɗauke ta a Nuwamban 1945 rana ɗaya da "Now's the Time". Muka fara lafiya. Muna kaiwa gaɓa ta takwas na ji fiyano ya bar ni, ina kan F shi yana wani wuri. A ta tara na tafi C, shi ya tafi G. Zagaye shida muka yi a haka. Bayan an tashi, mai fiyanon bai yi mini faɗa ba, ya rubuta mini wannan a bayan takardar sigari:

F7, Bb7, F7, Cm7 da F7
Bb7, Bdim7, F7, D7
Gm7, C7, F7 da D7, Gm7 da C7

Na kai takardar gida na yi ta dubawa, sai na ga ba sabon gini ba ne, tsohon ne aka yi wa matakala. Cm7 da F7 na gaɓa ta huɗu suna tura ka ne zuwa Bb7. Bdim7 kuwa bes ne ya hau rabin taki daga Bb zuwa B, yana neman C. D7 tana jan ka zuwa Gm7, ita kuma ta miƙa ka ga C7, C7 ta mayar da kai gida. Gaɓa biyun ƙarshe juyi ne kawai don a sake shiga zagaye.

Wurin da nake so ka sa ido shi ne gaɓa ta takwas. D7 tana da F#, sautin da ba ya cikin gidan F ko kaɗan. Duk mai solo da ya taɓa F# ɗin nan a lokacinta ya sauka a kan G a gaɓa ta tara, ni da ke bayansa nan take nake sanin yana jin kod ɗin. Wanda ya wuce ta da tsanin buluz ba laifi ya yi ba, manya ma suna yi, amma su zaɓa suke yi don sun san abin da ke wurin.

Daga baya na haɗu da "Blues for Alice" ta Parker ta 1951, inda kod ke canzawa kusan kowane bugu biyu. Da farko na tsorata. Amma ka duba gaɓa ta biyar: Bb7 tana nan daram. Ta tara da ta goma, Gm7 da C7. Turakun ba su motsa ba.

Malama Mai Fiyano, Zariya

Ɗan'uwana a sana'a, ni ta hanyar kwaikwayo na fita. Na ɗauki solon Wynton Kelly a "Freddie Freeloader", cikin faifan Miles Davis na 1959, Kind of Blue. Wannan ce kaɗai waƙar da Kelly ya buga a faifan, sauran Bill Evans ne. Buluz ce a Bb, ba ta da gudu. Na rage saurinta zuwa rabi a YouTube, in saurari gaɓa biyu, in rera da baki har ta zauna, sannan in nemo ta a kan fiyano. Ban rubuta komai ba. Zagaye biyun farko sun ci mini wata biyu, ga aiki ga yara, wani lokaci sai sha ɗayan dare nake samun zama da abin sauraro a kunne.

Abin da na tsinta shi ne Kelly yana haɗa duka biyun. A layi ɗaya zai bi sautukan kod ɗin tsaf, a na gaba ya zubo zallar buluz, kuma yana barin fili kamar yadda Baba ya ce. Ka lura kuma da ƙarshen zagayen: maimakon a koma Bb7, sai a sauka a Ab7. Kwana uku ina zargin kunnena kafin in yarda haka aka tsara ta.

Baba Mai Busa

Malama ta tuna mini abu ɗaya. Kada lissafin kod ya sa ku manta da sautin da ke tsakani. Sauti na uku na buluz na ainihi ba Ab ba ne, ba kuma A ba ne, yana tsakaninsu. B.B. King da lanƙwasa tsirkiya yake kamo shi, ni da leɓe, mai goge kuwa ba shi da ƙarfe a wuyan gogensa, yatsa kawai yake zamewa ya same shi. Ina yaro na sha jin irin wannan zamewar a wurin masu goge tun ban san akwai wani abu wai shi buluz ba. Fiyano kuwa ba shi da ita, shi ya sa masu bugunsa suke zame yatsa daga baƙin Ab zuwa farin A da sauri. Ɗana, ka gwada wannan a kan F7, amma in an shiga Bb7 ka tsaya a Ab, kada ka zame.

Mai Fiyano, Kaduna

Na gode ƙwarai, Baba, Malama da sauran 'yan'uwa. Na bari sai da na yi kwana goma ina gwadawa kafin in dawo. Hannun hagu yanzu sauti biyu kawai yake riƙewa, A da Eb, ya sauka, ya hau, kamar yadda abokina na Damagaram ya nuna. Na sa na'urar ƙirga bugu a kan 80, ina rera baitin randa na ƙanwata 'Yar Jos a zuci, in buga gaɓa biyu in ɗaga hannu gaɓa biyu. Ɗaga hannun nan ya fi komai wuya, yatsuna har ƙaiƙayi suke.

Jiya muka koma gwaji. Zagaye biyar na yi, kuma duk lokacin da mai ganga ya daki faranti ina tare da shi a gaɓa ta ɗaya. A na huɗu na kamo F# a gaɓa ta takwas na sauka kan G, mai bes ɗinmu ya ɗago kai ya dube ni. Inda nake tuntuɓe har yanzu shi ne Bdim7 ta gaɓa ta shida, hannun dama bai san abin da zai faɗa a wurin ba, sai in yi shiru in wuce. Malam Mai Bes, kai da kake jin masu solo daga baya, me suka fi bugawa a wannan gaɓar?