Tsohuwar Marsandi 230E a Legas: in saya ko in haƙura?

Ɗan Zangon Agege:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san Marsandi, musamman tsohuwar nan da 'yan Legas ke ce wa regula, wadda aka yi kafin V-boot.

Mai gidan da nake haya a Agege, wani dattijo Bayarabe da ya daɗe da yin ritaya, yana da 230E ƙirar 1983, ruwan madara, giyar hannu. Idonsa ya yi rauni ya daina tuƙi, 'ya'yansa kuma babu mai sha'awarta. Tana nan a tsakar gida an lulluɓe ta da tamfol, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Ya ce in ina so zai sayar mini, don gara ya riƙa ganin ana wanke ta da safe da a kai ta a yanka a sayar a kilo.

Mun sa mata batir mun zuba fetur, ta tashi, amma tana karkarwa, in ka taka totur sai ta yi kamar za ta mutu. Kujeru ba su yage ba, ta direba ce kawai ta lotsa. AC ba ya aiki. Agogon kilomita ya tsaya, Baba ma bai san yaushe ba. Da na ɗaga kafet ɗin gefen mai zaman banza na tarar da shi a jiƙe yana wari.

Ni harkar albasa nake yi a kasuwar Mile 12, kuma ba ni da wata mota. So nake in riƙa zuwa kasuwa da ita kullum, da sallah kuma in ɗauki iyali mu tafi gida Aliero, jihar Kebbi. Uwargida ta ce wahala zan sayo da kuɗina. Ni kuwa tun ina yaro in na ji ƙarar rufe ƙofar motar nan sai raina ya biya. Me kuka gani?

Baba Mai Gas, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam ɗana. Irinta nake hawa, amma tawa 240D ce mai shan gas, kuma ta girmi babban ɗana. Bari in faɗa maka abin da zai ba ka mamaki: karkarwar injin nan ba ta dame ni ba ko kaɗan. Kafet ɗin da ka ce ya jiƙe, shi ne maganar.

Injin motar nan ba ya mutuwa da sauƙi, in ma ya mutu ana samun wani. Abin da ke cinye su a Legas tsatsa ce. Ga iskar teku mai gishiri, ga ruwan Yuni da Yuli, ga kwatami da ke cika titi. Tamfol ɗin da Baba ya lulluɓa mata ma ba taimakonta ya yi ba, laima yake tarawa. Waɗanda suka rayu a Kano da Maiduguri jikinsu garau, rana ce kawai ta fasa musu dashbod. Namu na nan kuwa daga ƙasa suke ruɓowa.

Saboda haka kafin ka yi maganar kuɗi, ka sa a tura ta zuwa ramin wankin mota, ka shiga ƙarƙashi da kanka da tocila da sukudireba. Kada ka aiki yaro. Akwai ramuka huɗu a gefe inda ake zura jak, biyu dama biyu hagu. Ka soka sukudireba kewaye da kowanne. In ya shige kamar ka soka cikin dafaffiyar doya, to ka gaida Baba ka kama gabanka. Sannan ka cire batir ka duba tiren da yake zaune a kai. Ruwan batir yana cin wurin, ya huda bangon da ke tsakanin inji da cikin mota, daga nan ruwan sama ya riƙa sauka a ƙafar fasinja. Ina kyautata zaton nan ne naka ke shigowa, ko kuma robar gilashin gaba ce ta bushe. Ka ɗaga bonet ɗin har ya miƙe tsaye, don na motar nan yana miƙewa car, ka leƙa lungun da hinjinsa ke kwanciya. Akwai ƙananan magudanai a wurin, ganye da ƙasa ke toshe su. Sai but: ka fitar da safaya taya, ka duba ramukan gefe biyu na bayan tayoyi. Ka tafi da ɗan maganaɗisu ka bi ƙasan ƙofofi da bakin tayoyi. Duk inda ya ƙi kamawa, foti aka cusa aka fesa fenti.

Ƙaramin rami a daɓe ba abin tsoro ba ne, mai walda zai yanke ya sa sabon ƙarfe. Amma in wurin da ƙafafun baya suka kama jiki ya ruɓe, ba na ba ka shawara.

Ka kuma duba lambar shasi. Ta 230E tana farawa da 123.223, tawa 240D kuwa 123.123. Da yawa an canja musu inji an bar rubutun but yadda yake. In ƙirar 1983 ce da gaske, fitilunta na gaba masu faɗi ne, kuma sitiyarinta mai fawa ne, don daga ƙarshen 1982 kamfanin ya sa wa dukkansu haka. Agogon kilomita kuwa kada ya dame ka, ciwon gidansu ne, wani ɗan haƙori ne a ciki ke sakewa. Sai dai ka sani ba wanda zai iya rantse maka tafiyar da ta yi.

Mutane na cewa kayanta sun ƙare. Ba gaskiya ba ne. Daga 1976 zuwa farkon 1986 an ƙera kusan miliyan 2.7 na wannan samfurin, har a Maroko su ne suka yi shekara da shekaru suna aikin tasi tsakanin garuruwa. Birki, bushin, famfon ruwa, shokazoba, duk za ka samu a kasuwar kayan mota ta Ladipo, sabo ko Beljiyam. Abin da ke wahala shi ne kayan ado: robobin ƙofa, fitilar baya, ƙarfen gefe mai ƙyalli. In na Baba suna nan lafiya, ka riƙe su da kyau. Ni tambarin kan bonet ɗina ma cire shi nake in zan kwana a wata unguwa.

Abu Fatima, Obalende:

Ɗan'uwa ka ji maganar uwargida. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 wa ke neman motar da ta shekara arba'in? Ka tsaya a gosulon Ketu da azahar ba AC, fetur na ƙonewa kana kallo. Kuma yawancinsu ba su da jakar iska ba su da ABS mai hana taya kullewa in an taka birki, ga hanyar Kebbi da iyali. Ka ƙara kuɗi ka nemi Corolla ka huta. Sha'awa daban, motar neman abinci daban.

Bakanike Ojota:

Alhaji Baba Mai Gas ya gama magana a kan jiki, ni bari in taɓa injin, tunda aikina ne.

230E ba kafireto gare ta ba, injekta ce, amma ba irin ta motocin yanzu mai kwamfuta ba. Sunan tsarin K-Jetronic, na kamfanin Bosch. Famfon mai na lantarki yana baya kusa da tanki, yana turo fetur da ƙarfi zuwa wani kai mai bututu huɗu a saman inji. Iskar da injin ke ja ita ke motsa wani faifai, faifan ya motsa wani siririn fistin a cikin kan, shi kuma ya raba man. To motar da ta daɗe a ajiye, tsohon fetur yana zama danƙo ya riƙe wannan fistin ɗin, tanki kuma ya yi tsatsa. Karkarwar da ka ji ke nan, galibi. Kuma don Allah ka daina tayar da ita haka, dattin tanki kake turawa gaba. A sauke tanki a wanke, a canja matacin da ke gindinsa da filtar mai, a gwada nozul, a canja duk robar iska da ta tsage. Iska kaɗan in ta sato hanya, injin nan ba zai zauna daidai ba.

Ga inda ake cutar mutane. Ka kai ta wajen wanda bai san tsarin ba, zai kama wani ɗan sukuru da ke tsakanin faifan da kan ya yi ta murɗawa da ka, har ya rikita komai, sannan ya ce maka injekta ba ta da amfani, a cire a sa kafireto. Motoci da yawa haka aka yi musu. Za ta tashi, ba na musu, amma ƙarfin doki 136 da aka yi ta da shi ya tafi, shan mai kuma bai ragu ba. Ka tambayi bakanike tambaya ɗaya: yana da agogon auna ƙarfin mai? In ya ce shi da kunne yake aiki, ka ɗauki motarka.

Sauran abubuwa biyu. Kan injin alminiyom ne, kada a riƙa ɗura masa ruwan rijiya zalla, a sa ruwan lagireto na gaske. Kuma kada ka yarda a cire tamostat wai don zafin Najeriya. In tana zafi a gosulo, lagireto ne ya toshe ko fanka ba ta kamawa. Sannan a saurari sarkar taimin. In tana kwaramniya da safe in an tayar, a canja ta tun ba ta tsinke ba.

Baba Mai Gas, Idi-Araba:

Malam Abu Fatima, maganarka ta mai gaskiya ce, ban musa ba. Tankinta lita 65 ne, kuma a gosulo za ka ga allura tana sauka. Ni ma da gas ya yi tsada rage fita na yi. Amma ka haɗa da kuɗin sayen Corolla ɗin a yau, ka ga ratar da ke tsakani fetur ɗin wata nawa ce. Birki kuwa faranti ne a ƙafa huɗu, ba ta da matsalar tsayawa in an kula da ita.

Inda na yarda da kai shi ne tafiyar Aliero. Ba bana ba. Motar da ta zauna, duk robar jikinta ta mutu: tiyon birki, tiyon ruwa, robar farfela, taya ko da zanenta bai cinye ba. Sai ta yi watanni tana zirga-zirga cikin gari ta gama fitar da ciwonta ɗaya bayan ɗaya kusa da gida. Ba a tsakanin Jebba da Mokwa ake son a gano su ba.

Maman Walida, Festac:

Sannunku. Maigidana yana da V-boot, ni nake kai yara makaranta da ita, don haka ina da ta cewa. Malam, ka gyara AC tun farko ko kuwa uwargida ba za ta taɓa son motar nan ba, kuma tana da gaskiya. Na lokacinsu da tsohon gas ɗin R12 aka yi su, an daina shi, sai an juya zuwa R134a. Sannan ka zauna da Baba yanzu da yake da ransa da lafiyarsa a yi takardar ciniki da canjin suna, ɗaya daga cikin 'ya'yansa ya sa hannu a matsayin shaida. Yau ba sa so, gobe in ka fente ta tana sheƙi wani zai tuna motar mahaifinsu ce. Ka karɓi tsofaffin takardun duka, kuma ka shirya kai ta gwajin lafiyar mota na kwamfuta, don Legas ba a wasa da wannan.

Ɗan Zangon Agege:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Mai Gas, na bi abin da ka ce. Lambar ta fara da 123.223. Ramukan jak uku ƙalau, na gaba ta dama ne sukudireba ya ɗan shiga. Tiren batir kuwa ya cinye, har ina hango hasken tocila daga cikin mota. Ƙarƙashin baya da sauran baƙin fentinsa. A but na sami jak ɗinta na asali da wani littafi da Baba ke rubuta ranar juyen baƙin mai da biro, shafi bayan shafi.

Hajiya, na yi wa Baba maganar shaida, ya ce babbar 'yarsa za ta zo ƙarshen wata daga Ibadan. Uwargida kuma ta ce ita sharaɗinta ɗaya, kada buhun albasa ko ɗaya ya shiga but ɗin.

Malam Bakanike, kana zuwa Agege ka duba a gida, ko sai an jawo ta?

Bakanike Ojota:

A jawo ta, kada a tuƙa, birkin da ya zauna ba abin yarda ba ne. Amma ka fara kai ta wajen mai walda ya toshe ramin batir kafin ruwa ya sauka, ni aikina zai iya jira. Ka cire kafet ɗin da soson da ke ƙarƙashinsa ka shanya yau ɗin nan. Littafin Baba kuma ka taho mini da shi, ina so in ga ko an taɓa canja sarka.