Muhawara: A dawo da ba jam'iyyu kuɗin yaƙin neman zaɓe daga baitulmali?

Malam Habu: Jama'a, ga maganata, mai ja ya ja. Muddin gwamnati ba ta dawo da tallafin jam'iyyu ba, takara ta fi ƙarfin talaka ke nan. A 2022 APC ta sayar da fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP miliyan 40. Malamin makaranta ina zai samo? Sai dai ya nemi ubangida, shi kuwa ubangida ba sadaka yake yi ba, kwangila yake jira. Sashe na 228 na tsarin mulkin 1999 ya ba Majalisar Tarayya ikon ware wa INEC kuɗi duk shekara ta raba wa jam'iyyu. Me ya hana?

Hajiya Binta: Malam, ai an yi an gani. A dokar zaɓe ta 2006 kashi 10 cikin ɗari ake rabawa daidai, kashi 90 kuma gwargwadon kujerun da jam'iyya ta ci a majalisa. Wa ya kwashi mai tsoka? PDP, wadda dama ita ke da gwamnati. Sauran kuwa, mutum ya yi rajistar jam'iyya shi da ƙannensa, ofishinta na cikin jakarsa, yana jiran kasonsa. Dokar 2010 ta cire tallafin, ni dai ban yi kuka ba.

Nasiru: Hajiya, da izininki. In tallafin ne ke haifar da jam'iyyun jaka, me ya sa suka ƙaru bayan an cire shi? A 2019 jam'iyyu 91 ne da rajista, babu mai karɓar ko sisi daga INEC, har sai da ta soke 74 a watan Fabrairun 2020.

Hajiya Binta: Sun sauya sana'a ne, ɗana. Ana gobe zaɓe su kira 'yan jarida su ce sun janye wa wane. Ka san ba a banza ba.

Baba Garba: Ku yara ba ku ga zamanin Babangida ba. A 1989 gwamnati da kanta ta ƙirƙiro SDP da NRC, ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi a jihohi da ƙananan hukumomi, ta ba su kuɗin aiki. Tallafin da ya wuce wannan ban san shi ba. To shin masu kuɗi sun koma gefe? Da aka zo zaɓen 12 ga Yunin 1993 su wa suka tsaya? Abiola da Bashir Tofa, attajirai biyu. Kuma gwamnatin da ta ciyar da jam'iyyun ita ta soke zaɓen, daga baya Abacha ya rushe su baki ɗaya. Jam'iyyar da gwamnati ke ciyarwa ba ta da bakin yi mata musu. NEPU da aka kafa a Kano a 1950, talakawa ne ke yankar kati da kuɗinsu, shi ya sa ɗauri da bulala ba su kashe ta ba.

Malam Habu: Allah ya ƙara girma, Baba, amma mulkin soja daban. Dubi Jamus. Sai jam'iyya ta samu rabin kashi ɗaya cikin ɗari na ƙuri'un zaɓen tarayya ko na majalisar Tarayyar Turai, ko kashi ɗaya cikin ɗari a zaɓen jiha, kafin a ba ta, kuma abin da gwamnati za ta ba ta ba ya wuce abin da ta tara da kanta. Jam'iyyar jaka ba ta da wurin shiga.

Maman Ilham: Duk kun bar inda kuɗin yake zuba. Fom ai somin taɓi ne. Daliget fa? Kowa ya ji labarin dalolin da suka yi yawo a zaɓen fid da gwani na 2022. Dokar zaɓe ta shekarar ta ce ɗan takarar shugaban ƙasa kada ya kashe fiye da naira biliyan 5, gwamna biliyan 1. Wa ke ƙirgawa? In ba a bin diddigin wannan, tallafin gwamnati ƙari ne kawai a kan na ubangida, daga kuɗin da ya kamata a sayi magani a asibiti.

Malam Habu: To a haɗa biyun: a ba da tallafi, a kuma tilasta binciken asusu.

Nasiru: Malam, 'yan majalisar da za su rubuta dokar binciken, wa ya saya musu fom?