Zane da yara: abin da iyaye suka tattauna a Garwa ta Kamaru

Ƙorafin da ya fi yawa a hirar shi ne “ai ni ban iya zane ba”. Aka ce ba sai an iya ba. Da'ira, a ɗora mata kusurwa uku, bukka ta samu. A ja dogon layi mai lanƙwasa, ga kogin Benuwe nan, saura kwalekwale.

Kayan aiki kuwa babu tsada: alli da allon makaranta, bayan tsohuwar kalanda, ko gawayi a kan daɓen siminti. Wata uwa ta ce su da tsinke suke yi a ƙasa bayan la'asar.

Maganar shekaru ce aka daɗe a kanta, kuma a ganina ta cancanta. Ɗan shekara 2 jagwalgwalo kawai zai yi. Da'ira sai wajen shekara 3, kusurwa uku kusan 5. Idan ƙaramin yaro ya zana mutum, kai da ƙafafu biyu zai yi masa, babu ciki. Kada a ƙwace fensir a gyara masa, babba ya zana nasa a gefe, a tambaye shi, “Wa ka zana nan?”

Waɗanda ba sa son zana abu mai rai aka ba su shawarar darbejiya, tulu, mota, zanen lalle ko aska takwas ta jikin riga.